Kaura Cindo da Limamin Zangarau

A zamanin Sarki Tunau, Birnin Zangarau gari ne da fatake ke rantsuwa da amincinsa. Musulunci ya shiga birnin tun kakan sarki yana kan gado, amma a ƙauyukan bayan ganuwa har lokacin akwai masu yanka wa iskoki baƙin bunsuru a gindin tsamiya. Mutum biyu ne sarki ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsu. Ɗaya Kaura Cindo, shugaban mayaƙa, wanda ya tsufa a kan sirdi, jikinsa duk tabon mashi. Ɗaya kuma Liman Iliyasu, jikan Wangarawa, wanda ya daɗe yana jan salla har jariran da ya raɗa wa suna suka zama magidanta.

Ana tsakiyar damina, wata Laraba da hantsi, aradu ta faɗa wa hasumiyar masallacin Juma'a ta tsaga ta biyu. Ba a gama kwashe ƙasar ba, sai ga labari cewa Gagarau, sarkin Kwazari, ya fito da runduna mai yawan fara, ya cinye garuruwan iyaka, ya sauka a hayin Gulbin Maraki. Gari ya ɗauki zafi. A kasuwa da bakin rijiya magana ɗaya ake yi: Allah ya yi fushi da Zangarau.

Sarki ya tara majalisa. Ana zaune aka shigo da manzon Gagarau, wani dogo mai tsage a kumatu. Bai tuɓe takalmi ba, bai faɗi ya yi gaisuwa ba. Ya ajiye fartanya da kibiya a gaban sarki, ya ce, “Ubangidana ya ce ku zaɓa. In kun ɗauki fartanya, ku noma masa ku rayu. In kun ɗauki kibiya, 'yan'uwanta na tafe. Ya kuma ce ya ji sama da kanta ta rushe muku masallaci. Wanda Ubangijinsa ya juya wa baya, wa zai tare masa?”

Sarki ya sa aka kai manzo masauki, aka ba shi tuwo da nono, don baƙo baƙo ne ko da ya zo da rashin kunya.

Sai Galadima Nomau ya gyara zama. Shi ɗan baffan sarki ne, sun nemi gadon tare aka ba Tunau, kuma abin bai taɓa fita daga ransa ba. Ya san muddin Kaura na riƙe da mayaƙa, babu mai taɓa sarki.

Galadima ya ce, “Allah ya ja zamanin Zaki. Manzon nan ya yi rashin kunya, amma bai yi ƙarya ba. Aradu ba ta faɗuwa banza. Akwai wanda ke zaune cikinmu, yana cin tuwon Musulmi, yana jan 'ya'yan Musulmi zuwa yaƙi, alhali goshinsa ya manta da ƙasa. Barorinsa sun ji shi yana cewa sama babu kowa. In sarki na son Allah ya duba mu, a tuɓe wa mutumin nan rawani tun kafin mu fita fagen daga. Ga shi nan zaune a damanka. Kaura nake nufi.”

Sarki ya juya ya ce, “Kaura, ka ji.”

Kowa ya zaci Kaura zai musa, domin kalma ɗaya ta ishe shi, babu mai ƙaryata shi a Zangarau. Sai tsohon ya miƙe, ya kwance takobinsa, ya shimfiɗa shi a ƙasa.

Ya ce, “Ranka ya daɗe, ban taɓa yi wa mahaifinka ƙarya ba, ba kuwa zan fara da kai ba. Na daina salla. Ban ce da kowa ya daina ba, ban taɓa zagin mai yi ba. Amma na nemi Allah a inda na fi bukatarsa, ban same shi ba, kuma ina kunyar in tsaya cikin sahu ina motsa baki da abin da zuciyata ba ta riƙe ba.”

Fadawa suka ɗauki a'uzubillahi. Wasu suka ja da baya kamar ya zo da annoba. Galadima ya ce, “To, ga shi da bakinsa. Liman, mene ne hukuncinsa?”

Liman Iliyasu bai yi sauri ba. Ya naɗe carbinsa a hannu, ya ce, “Allah ya ba sarki nasara, likita ba ya yanke ƙafa kafin ya ga ƙurjin. A bar ni in yi magana da shi.” Sarki ya ɗaga hannu. Liman ya juya ya ce, “Kaura, zauna. Ina ne ka neme shi ba ka samu ba?”

Kaura ya zauna, ya ce, “Allah gafarta Malam, ka san Tungar Dorawa. Mutanen garin ba su da baka, ba su da mashi, sai noma da salla. Can na aurar da 'yata Tabawa. Shekarar da uban Gagarau ya kawo hari, suka shige masallaci, mata da yara, suna kiran Allah. Aka rufe ƙofa aka cinna wuta. Na iso toka ba ta huce ba. Na gane Tabawa da munduwar da na saya mata, tana rungume da ɗanta na goye. Wanda ya cinna wutar nan ya tsufa cikin daula, ya mutu a kan gadonsa, jikoki kewaye da shi. Malam, ni sarkin yaƙi ne. In talaka ya yi kuka a yankina ina da iko na ƙi zuwa, sunana azzalumi. In kuwa ba ni da iko, sunana rago. Wanne zan ce game da wanda aka kira ran nan bai amsa ba? Na ga gara in ce babu kowa, da in jingina masa ɗaya cikin sunayen nan.”

Galadima ya ce, “Kun ji saɓo!”

Liman ya ce, “Galadima, na ji uba yana kukan 'yarsa. Ka bari.” Ya dubi Kaura. “Ba zan ce na san dalilin mutuwar Tabawa ba. Duk malamin da ya ce maka ya sani, ya faɗi abin da ya fi ƙarfinsa. Ni ma na binne 'ya'ya da hannuna, na koma gida na kasa cin abinci. Amma bari in tambaye ka. Ka ce abin da aka yi a Tungar Dorawa zalunci ne. Zalunci ne don ya yi maka ciwo, ko kuwa zalunci ne ko da babu wanda ya rage da zai yi kuka?”

“Zalunci ne ko a gaban wa.”

“To, da wane mudu ka auna? Kura ta cinye ɗan akuya, babu mai kai ta gaban alƙali. In sama babu kowa, mu da kura ɗaya ne, mai ƙarfi ya ci, marar ƙarfi a cinye shi. Tabawa da wanda ya ƙone ta sun kwanta barci iri ɗaya, babu ranar da za a tashe su a tambaya. Amma zuciyarka ta ƙi yarda da haka, shekara da shekaru tana kai ƙara. Wanda ya kai ƙara, ai ya san akwai alƙali.”

Kaura ya girgiza kai. “Malam, son ruwa ba ya haƙa rijiya. Na ga matafiya sun mutu a hamada suna mafarkin gulbi. Don ina son a yi hisabi, ba shi ke nuna za a yi ba.”

Liman ya ce, “Gaskiya ne, ƙishirwa ba ta nuna akwai ruwa kusa. Amma ka taɓa ganin halittar da ke jin ƙishirwar abin da babu shi sam a duniya? Jariri na neman nono, akwai nono. Bari in zo maka ta wata hanya. Rigar da ke jikinka, in na ce iska ce ta kwaso auduga ta kaɗa ta saƙa, ai sai ka ce na zare. To, dubi idonka da kake hango ƙurar abokan gaba da shi. Dubi damina da rani, ba su taɓa saɓa wa juna layi ba. Riga na da masaƙi, duniya ce ba ta da shi?”

“In kowane abu sai da mai yinsa, wa ya yi masaƙin?”

Wasu fadawa suka toshe kunne. Liman kuwa murmushi ya yi, kamar wanda ɗalibi ya yi wa tambayar da yake jira.

Ya ce, “Kai ka fi ni sanin amsar. Ran yaƙi, ɗan baka ba ya harbi sai jarumi ya ce. Jarumi na jiran Barde, Barde na jiran ka, kai kana jiran sarki. In sarki ma yana jiran wani, wanin na jiran wani, haka har babu iyaka, yaushe kibiya za ta tashi? Amma ga kibiya ta tashi, ga duniya muna cikinta. Dole akwai wanda ke ba da umarni ba ya karɓa daga kowa.”

Kaura ya shafa gemu. Can ya ce, “Wannan ta shige ni, ba zan ɓoye ba. Amma ko na yarda akwai mafari, wa ya ce ya san sunana? Kuma ga wata. Mahaifiyata ta mutu tana zuba wa iskoki fura, da zuciya ɗaya, kamar yadda kake salla da zuciya ɗaya. Da a bukkarta aka haife ka, da kai ne mai riƙe mata bunsuru. Kowa addinin gidan da ya tashi yake bi. Yanzu haka a hayin gulbi Gagarau na da malamai, suna roƙon Allahn da kake roƙo ya ba su kawunanmu. Wa zai amsa wa?”

Liman ya ce, “Don makafi sun yi gardama a kan kamannin rana, ba ya nuna babu rana. Kakana ya bar addinin ubansa da ya ji abin da ya fi, ashe gado ba sarƙa ba ne. Batun malaman Gagarau kuwa, Allah ba bara ba ne a gidan wani sarki, da za a aike shi ya je ya kashe. Ni ban taɓa ce wa sarki addu'ata za ta ci yaƙi ba. Ana iya cinye mu jibi muna masu gaskiya, kamar yadda aka cinye Tungar Dorawa. Abin da na riƙe shi ne, ba a nan shari'ar ke ƙarewa ba.”

“Nan ne muka rabu, Malam. Kai ka ga bayan labule, ni ban gani ba.”

“Ni ma ban gani ba, Kaura. Na dai amince da wanda ya ba da labari.”

Galadima ya ga magana na neman kuɓuce masa. Ya ce, “Allah ya taimaki sarki, ba karatu muka zo ji ba. Liman ya faɗa mana, aradun nan ba saboda mutumin nan ta faɗo ba?”

Liman ya ce, “Hasumiya ta fi kowane gini tsawo a birnin nan, kuma aradu ta saba da dogon abu, ko rimi ne ko giginya. In akwai wani sirri bayan wannan, ba a sanar da ni ba, ba kuwa zan ƙaga wa Allah magana don in faranta wa wani ba. Ranka ya daɗe, mutumin nan yana cikin kuskure babba, kuma ba zan bar shi ya huta ba har ɗayanmu ya shiga kabari. Amma da ya so, da ya yi ƙarya ya tsira da rawaninsa. Zuciya ba a jawo ta da igiya. In ka kashe shi yau, ka rufe masa ƙofar da nake fata ya shiga gobe, ka kuma buɗe wa Gagarau taka.”

Sarki Tunau ya dubi mutanen biyu. Sannan ya ce, “Kaura, ɗauki takobinka. Abin da ke tsakaninka da Mahaliccinka na bar wa Liman. Abin da ke tsakanina da Gagarau na bar maka. A kira manzo, a ba shi fartanyarsa ya koma da ita. Mun ɗauki kibiya.”

Bisa al'adar Zangarau, in sarki ya fita yaƙi, Galadima ke riƙon gari. Haka aka bar Nomau da masu tsaron ganuwa, runduna ta fita. Liman ya ƙi zama. Ya hau jakinsa ya bi masu ɗaukar ruwa, ya ce waɗanda za su mutu suna bukatar mai laƙƙana musu kalmar shahada.

Gulbin Maraki faffaɗa ne, amma a lokacin ruwansa bai wuce gwiwa ba, domin sama ta ɗan ɗauke. Kaura ya tsaya a gaɓa yana duban duwatsun gabas, inda gulbin ke fitowa. Baƙin hadari ya kwanta a kansu tun jiya, ko da yake a nan rana ce tas. Ya ɓoye 'yan baka cikin gonakin dawa, ya jera dakaru a fili, ya ce kada wanda ya tare mashigi, a bar Kwazarawa su ƙetaro.

Da hantsi aka busa ƙaho. 'Yan lifidan Gagarau suka faɗo ruwa, suka hauro, suka afka wa dakarun Zangarau. Aka gwabza. Ƙarar garkuwa da kururuwa suka cika fadama. Kwazarawa sun fi yawa nesa ba kusa ba, sahun Zangarau ya fara lanƙwasa, tutar sarki ta ja da baya. Barde ya zo a sukwane, jini na zuba a kafaɗarsa, ya ce, “Kaura, a saki 'yan baka, an gama da mu!”

Kaura ya ce, “Tukuna.” Idonsa na kan ruwa. Shi ma bai san ko abin da yake jira zai zo ba. Ya zare takobi ya shiga sahu da kansa, yana kiran mayaƙa da sunayen iyayensu, har suka sake tsayawa.

Rana ta take tsaka, rabin rundunar Gagarau na cikin gulbi, sai aka ji ruri daga gabas kamar garken shanu ya ɓalle. Ruwa ya taho ja wur, ɗauke da itatuwa. Ya kwashe dawaki da mahaya, lifidi ya sha ruwa ya ja masu shi ƙasa. Kaura ya ɗaga takobi, 'yan baka suka miƙe daga cikin dawa. Waɗanda suka hauro ba su da hanyar komawa, waɗanda ke hayi ba su da hanyar zuwa. Gagarau na tsaye a can yana kallon rundunarsa na narkewa, har ya juya linzami.

Kaura ya sami Liman a gindin wata gawo, kibiya a cinyarsa, yana ba wani Bakwazare mai rauni ruwa. Liman ya ɗago ya ce, “Kaura, wa ya aiko ruwan nan?”

“Hadarin da na gani jiya, Malam.”

“Wa ya aiko hadarin?”

Kaura ya yi dariya, karo na farko da mayaƙansa suka ji ta cikin shekaru. Ya durƙusa ya cire kibiyar da hannunsa, ya yage rawaninsa ya ɗaure raunin.

Murnar ba ta daɗe ba. Suna kan hanyar gida wani mahayi ya tare su, ya faɗi gaban sarki da mugun labari. Galadima ya rufe ƙofofin birni, ya sa an buga masa tambari. Ya yi shela cewa sarkin da ya kare marar salla ya sauka daga gado, kuma ba za a buɗe wa runduna ba sai an miƙa kan Kaura.

Sarki ya fusata, ya ce a sare itatuwa a yi tsani. Kaura ya ce, “Ranka ya daɗe, waɗanda ke kan ganuwar nan ƙannen waɗannan ne da 'ya'yansu. Kaina bai kai jinin da za a zubar ba. A kai masa.”

Liman ya ce, “Babu mai kai kowa. Da sunan addinina ya rufe ƙofar nan, ni ya kamata in je. Ku ɗora ni a kan jakina.”

Suka iso Ƙofar Gabas la'asar ta yi. Kan ganuwa cike da 'yan baka, kibau a tsirkiya. Liman ya sa aka sauke shi inda kibiya ke iya kaiwa. Ya dogara da sanda, ya juya wa ganuwa baya, ya fuskanci alƙibla, ya sa aka kira salla. Sarki ya sauka daga doki ya tsaya bayansa. Mayaƙa suka ajiye makamai, suka jera sahu da jinin yaƙi a rigunansu, duk bayansu a buɗe ga masu harbi.

Mutum ɗaya ne bai shiga sahu ba. Kaura Cindo ya tafi ya tsaya tsakanin masallata da ganuwa, shi kaɗai, ba garkuwa, ya harɗe hannuwa a ƙirji yana duban 'yan baka ɗaya bayan ɗaya. In za a harbi wani, da shi za a fara.

Galadima na bisa ƙofa yana ihu a harba. Babu wanda ya saki tsirkiya. Mutanen nan tun suna yara suke jin muryar da ke karatu a ƙasa, ita ta ɗaura musu aure, ita ta sallaci iyayensu. Sarkin Ƙofa, wani tsoho mai suna Ranau, ya jingine bakansa, ya sauko. Aka ji gungumen ƙofa ya faɗi. Masu tsaro suka fito a guje, suna wuce Kaura ta dama da hagu, suna neman gurbi a sahun baya kafin a yi ruku'u.

Ko da Liman ya sallame, ƙofar Zangarau na buɗe, kan ganuwa babu kowa sai Galadima Nomau, yana riƙe da sandar sarauta. Sarki Tunau ya shafa addu'a, ya miƙe, ya ce, “Kaura, hau ka sauko mini da ɗan'uwana. Kada ka taɓa shi.”

Kaura ya ce, “An gama, Zaki.” Ya bi matakala a hankali, irin hawan tsoho, takobinsa a cikin kube.